Gudun Tsoro a Dajin Gundumi: Tarihin Birki, Taya da Sifirin

A ƙarshen watan Maris na 1853, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya tashi daga Sansanin Isa ya nufi wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Tsakaninsa da inda za shi akwai dajin Gundumi, wanda fatake ba sa ambatonsa sai da addu'a. Ayarin ya shafe sa'o'i 26 yana tafiya ba a sauke kaya ba, mutum da dabba duk sun galabaita, amma ba mai ƙarfin halin cewa a tsaya. Shekara 29 kafin nan Hugh Clapperton ya ratsa wannan daji, shi ma a gurguje, ƙishirwa na neman halaka mutanensa. Abin da ya kore su ɗaya ne: tsoron mahayan Gobir.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, an sake karya Gobirawa a Gawakuke a 1836, amma waɗanda suka tsira sun kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, kuma dawakinsu ba su daina kai hari a kan hanyar Sakkwato zuwa Katsina ba. Duk wanda ya taɓa kallon jafi ranar hawan salla ya ga ragowar ilimin waɗannan mahaya. Ana sako dawaki a sukwane har ƙura ta rufe fili, sai dab da gaban sarki a zame su, doki ya kusa zama a kan ƙafafunsa na baya. Sakin doki kowane yaro ya iya. Inda ake gane barde shi ne wajen zamiya, shi ya sa maƙera suka ɓata ƙarnuka suna gyara linzami, masu horon doki kuma suna lura da kofato da ƙarfin cinya.

Na kawo wannan ne saboda yau ma gudu ake yi a Gundumi, kuma tsoro ne ke sa shi. Hanyar da ta tashi daga Marnona ta bi ta dajin zuwa Isa, da wadda ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, da ƙananan hanyoyin burji da suka watsu zuwa Gatawa da Burkusuma da bakin iyakar Nijar, duk sun zama wuraren da direba ke ƙure maleji don gudun 'yan bindiga. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a watan da ya biyo baya. Bayan irin wannan, wa zai ce wa direba ya rage wuta? Fasinjoji da kansu ke cewa a taka. To amma motar da ake takawar, wa ya shirya ta domin wannan gudun? Masu tseren mota sun shafe fiye da shekara 100 suna amsa wannan tambaya da kuɗinsu da rayukansu, kuma wani ɓangare na amsar a kan ƙasar Afirka aka rubuta shi.

Bari mu fara da birki, don shi mutane suka fi jahilta. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Motar da nauyinta da na kayanta ya kai kilo 1,800, tana gudun kilomita 120 a sa'a, in aka tsayar da ita cak, zafin da zai taru a ƙafafunta ya isa ya tafasa ruwa kamar lita 3, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi zai taru. In an ninka gudu sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa, haka ma nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya. Duk tarihin birki, in ka taƙaita shi, neman hanyar zubar da wannan zafi ne kafin ya yi ɓarna.

Motocin farkon ƙarni na 20 da birkin ganga suke aiki: wata ƙwarya ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da ƙafa, takalman birki na buɗewa daga ciki su dafe ta. Tana kamawa sosai in tana da sanyi. Da ta yi zafi sai ta kumbura ta nisanci takalman, zafin kuma ya rasa mafita don a rufe take. Direba ya taka, ƙafarsa ta nutse, mota na tafiya abinta. Wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin faifai tun 1902, wato faifan ƙarfe a fili da ake matsewa ta gefe biyu iska na kaɗa shi, sai dai kayan aikin zamaninsa ba su kai ba, dabarar ta kwanta shekara 50.

Tseren Le Mans na Faransa, wanda ake yi sa'o'i 24 ba tsayawa, shi ya tashe ta. A wancan zamani a filin akwai miƙaƙƙiyar hanya mai kusan kilomita 6 da ke ƙarewa da matsattsiyar kwana, kuma kowace mota sai ta isa wannan kwana sau ɗaruruwa kafin gari ya waye ya sake yin yamma. A 1953 kamfanin Jaguar ya zo da motoci masu birkin faifai da ya haɗa tare da Dunlop. Injinan Ferrari sun fi nasu girma. Amma direban Jaguar na iya ci gaba da gudu har ya matso kwanar kafin ya taka birki, ya kuma maimaita haka dare da rana birkin bai gaji ba, alhali abokan hamayyarsa dole su fara lallaɓa nasu tun daga nesa. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci tseren da matsakaicin gudun kusan kilomita 170 a sa'a, abin da ba a taɓa yi ba a filin. Abin ya zo wa jama'a bambaraƙwai: motar da ta fi iya tsayawa ita ta riga kowa zuwa.

Shekara biyu bayan nan filin ya nuna ɗaya fuskar darasin. Ranar 11 ga Yuni 1955 wata Jaguar ta taka birkinta mai kaifi za ta shiga wurin shan mai, motar da ke bayanta ta kauce, wata Mercedes da ke tafe a guje ta hau ta baya ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Fiye da mutum 80 suka mutu. A wannan shekarar Citroën ta fito da DS mai birkin faifai a gaba, daga nan dabarar ta bar filin tsere ta shiga motocin kowa da kowa.

Sai dai birki ƙafa kawai yake tsayarwa. Abin da ke tsayar da mota shi ne taya, kuma inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Tafi huɗu ke nan ke ɗauke da ran mutum goma. John Boyd Dunlop ya yi tayar iska a Belfast a 1888 domin keken ɗansa, amma babban sauyi ya zo ne a 1946, lokacin da Michelin ta yi rajistar tayar da zarurrukan jikinta ke tsallakawa kai-tsaye daga baki zuwa baki, da ɗamarar waya a ƙarƙashin zanen. Gefenta na lanƙwasa, fuskarta kuwa na zama shimfiɗe a ƙasa, ba ta saurin zafi, ba ta saurin suɗewa. Kusan duk tayar ƙaramar mota da ka gani yau jikar wannan ce.

A filin tsere mai kwalta sumul, abin da ake yi wa mota sananne ne: a sauke ta ƙasa-ƙasa, a sa mata sifirin mai tauri don kada ta karkata a kwana, a sa taya mai faɗi mai laushin roba wadda ke manne wa kwalta in ta ɗau ɗumi, a zuba man birki mai jure zafi, a buɗe wa iska hanya ta riƙa hura faifan. Wanda ya kawo irin wannan mota hanyar Burkusuma ba zai yi kilomita 5 ba sai an tattaro ta. Ilimin da ya shafe mu a wata makaranta aka koye shi.

A 1953 ɗin dai, Turawan Kenya suka ƙirƙiro wani tsere don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth, wanda ya zama Safari Rally. Dubban kilomitoci ne a kan hanyoyin jama'a na Kenya da Uganda da Tanganyika, cikin ƙura da taɓo da duwatsu da kogunan da ba gada. A 1963 motoci fiye da 80 suka tashi, 7 kacal suka kai ƙarshe, kuma wadda ta zo ta ɗaya Peugeot 404 ce a hannun Nick Nowicki. Motar ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. A ƙasar Kwaddebuwa kuma akwai tseren Bandama, wanda tsananinsa ya kai a 1972 ko mota ɗaya ba ta kammala ba. Waɗanda suka shirya shi suka zauna da kyautarsu.

Injin 404 bai kai na motoci da yawa da ta kayar ba. Abin da take da shi shi ne ƙafafun da ke da wurin motsi sama da ƙasa mai tsawo, da tazara tsakanin cikinta da ƙasa, da shokazoba da kamfanin ke ƙera wa kansa. A nan ya kamata a bambance abu biyu da mutane kan haɗa. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi ya shanye duka. Amma in aka danne shi aka saki, zai yi ta rawa kamar reshen da tsuntsu ya tashi a kai. Shokazoba ce ke kashe wannan rawa, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinta, kuma ita ma zafi take mayar da motsin. A kan gargada, inda ƙafa ke tsalle sau da yawa cikin daƙiƙa guda, man na yin zafi ya yi kumfa, shokazoba ta daina aiki tana nan a jikin mota. Daga nan taya ta fi daɗewa a iska fiye da a ƙasa, kuma tayar da ke iska ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Jin daɗin zama ƙaramin aikin shokazoba ne. Babban aikinta danne taya a ƙasa. Shi ya sa masu tseren daji ke sauya ta a wuraren hutu tun ba ta nuna alama ba, wasu har biyu suke sa wa kowace ƙafa.

A 1968 Peugeot ta fito da 504, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Salun ɗin farko na da birkin faifai a ƙafa huɗu, kowace ƙafar baya na motsi ita kaɗai. Wagon kuwa an haɗa ƙafafunta na baya da ƙarfe guda, aka ɗora shi a kan naɗaɗɗun sifirin huɗu, biyu kowane gefe, da birkin ganga, domin kaya aka yi ta. A-kori-kura aka ba ta sifirin mai falle-falle irin na manyan motoci. A 1975 wannan mota ta cinye manyan tseren Afirka uku: Ove Andersson a Safari, Hannu Mikkola a Maroko, Bernard Consten a Bandama. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa ta. Tashar jiragen ruwan Legas a cunkushe take a lokacin, saboda haka ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga Lyon zuwa Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, mu kuwa muka riƙe ta har cikin shekarun 2000.

Ga mutanen gabashin Sakkwato, Fijo ta zo a kan gaɓa. Tun 1929 da jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda, gyaɗa da auduga da fatun yankin a kan raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suke gangarawa ta Shinkafi zuwa bakin dogo. Hanyoyi ne na rani: damina na sauka Bunsuru da Gagare da Rima su cika, fadamu su riƙe duk abin da ya shiga. Motar da aka gwada a taɓon Kenya ita ce ta fara mayar da tafiyar Isa zuwa Sakkwato abin da ake yi a dawo a yini.

Kawuna ya ja wagon a wannan hanya tun kafin a haife ni, kuma na yi wayo na tarar yana ja. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne al'adarsa in mun tsaya shan ruwa. Kafin ya nemi inda zai zauna sai ya zagaya motar, ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa ba tare da ya taɓa ba, ya danna kowace kusurwa ya saki ya ga sau nawa za ta yi rawa. Wata rana na ce, "Kawu, me kuke nema?" Ya ce, "Yaro, ƙahwad da ta hi 'yan'uwanta zahi, ita ka shirin kashe mu." Bai yi boko ba, bai san akwai wani gari Le Mans ba. Amma abin da makanikan tsere ke yi da na'urar auna zafi, shi yake yi da bayan hannu, kuma dalilin ɗaya ne: ƙafar da ta fi sauran zafi, ko birkinta na kamawa shi kaɗai, ko tayarta ba iska, ko wani abu na ci a ciki.

Tseren ma ya matso kusa da mu. Paris-Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi a ƙarshen Disambar 1978, ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar ta Agadas ya gangara Yamai, kuma shekaru da dama bayan nan hamadar Tenere ce zuciyarsa. Peugeot ta ci shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen. A gida kuma bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe da haɗawa da gangamin motoci, wanda a 2020 ya taso daga Abuja, ko da yake wannan ya fi kama da baje koli. Dabarar rairayi da 'yan Dakar suka yi suna da ita, direbobin Agadas da na kan iyakarmu sun riga su saninta: a rage iskar taya ta baje kamar tafin raƙumi, sai mota ta bi ta kan yashi ba ta nutse ba. Bambancin shi ne ɗan tsere na ɗauke da famfo da geji, yana fita daga yashi zai mayar da iskarsa. Namu sau da yawa haka zai hau kwalta ya ci gaba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta na ta lanƙwasa yana miƙewa, zafi na taruwa a ciki, har roba ta rabu da waya. Yawancin abin da muke kira fashewar taya ba zato ba tsammani, tun nesa ya faro.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta saki Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin direban haya. Sai tsofaffin motocin Turai suka maye gurbi, ana sauke su a Kwatano da sunan za su Nijar, su bi ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, su sulalo Nijeriya ta hanyoyin da ba su cikin taswirar kwastan. Golf da Sharan da muke gani a tashoshin Isa da Sabon Birni yau domin iyalin mutum huɗu ko bakwai a kan titunan Jamus aka zana su. Mu kuwa mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, wani lokaci da yara a but, ga buhunan albasa ko jarkokin mai a sama.

A nan makanikanmu suka nuna basira, kuma a nan suka tsaya a rabin hanya. Don kada bayan mota ya zauna a kan taya, sai a sa mata sifirin wata motar da ta fi ta girma, ko a yanko tsohuwar taya a cusa tsakanin naɗin, a a-kori-kura kuma a ƙara falle biyu ko uku. Mota ta miƙe, ta ɗau kaya, kowa ya yaba. Amma shokazobar da aka auna da sifirin asali ba za ta iya riƙe wannan mai taurin ba, ballantana ita ma ta gaji tun a Turai. Nauyi ya koma sama, mota ta fi saurin kifewa in an kauce wa rami. Akwai kuma wata illa da ba kasafai ake lura da ita ba. Motoci da yawa na wancan zamani suna da wani ɗan bawul a baya da ke auna yadda mota ta zauna: in ta nutse, ya gane an yi lodi, ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki, in tana sama, ya rage don kada baya ya zame. Da aka ɗaga bayan da sifirin mai tauri, sai bawul ya ɗauka motar ba kowa a ciki alhali tana ɗauke da rabin kasuwa. Aikin tsayar da wannan nauyi duka sai ya koma kan ƙafafun gaba, su kuma su yi zafin da ba a yi su dominsa ba.

Man birki kuwa labarinsa ya fi ban takaici, don shi ne mafi arha. Ƙa'idar da aka rubuta a jikin gwangwani ta ce sabon mai mai lamba DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, mai lamba DOT 4 kuma 230. Amma man na shan danshi daga iska, kuma in ya sha, waɗannan lambobi na iya sauka zuwa 140 da 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai direba ya taka har ƙasa ba abin da ya kama. Mai tsere na sauya mansa kafin ya shiga fili ko da bai ragu ba. Mu ba ma sauyawa, ƙari muke yi in ya yoye. Na ga inda aka zuba ruwan sabulu a madadinsa don a ƙarasa gari, aka kuma manta da shi a ciki, ruwan da digiri 100 ya ishe shi tafasa. Na ga inda bututun ƙafa ɗaya ya fashe aka lanƙwashe bakinsa aka daddaƙe, mota ta ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku. Ba banza fasinjoji suka laƙaba wa irin waɗannan motoci "shiga da alwala" ba.

Taya ma haka. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Tsohuwar taya na cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ita ce cike da rumfunan masu faci. Wata zanenta da sauransa har sai ka yi sha'awa, alhali tayar hunturu ce, robarta an haɗa ta domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, aka kawo ta ƙasar da zafin inuwa ke haura 40 a watan Afrilu, balle na kwalta. Kuma duk bayanin a rubuce yake a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Lambar da ke kusa da girman taya nauyin da za ta iya ɗauka ne: 82 kilo 475 ke nan, 91 kuwa 615. Mu da muka yi karatu, muke sayen mota mu tsaya muna tambayar ƙarfin inji da sanyin na'urar sanyaya ciki, mu nawa ne muka taɓa durƙusawa muka karanta? Ni kaina sai da tayar baya ta tarwatse mini a hanyar Gusau na koya.

Yanzu a haɗa lissafin a Gundumi. Motar da ke gudun 120 na cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga rami ko shanu ko itacen da aka gitta, ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki, wannan mita 33 ta tafi. A kan kwalta mai kyau, da taya mai kyau da birki lafiyayye, yana buƙatar wajen mita 70 kuma. A kan burji ko kwaltar da yashi ya rufe, nisan na iya ninkawa. Wannan lissafin lafiyayyar mota ne. Ɗan tseren Safari da ke irin wannan gudu a irin wannan hanya yana da ƙarfen kariya kewaye da shi, da hular kwano, da abokin tafiya mai karanta masa kowace kwana tun kafin a iso ta, da makanikai na jiransa a gaba da sababbin tayoyi. Direban Isa na da carbi a madubi da mutum tara a bayansa.

Ban ga laifinsa ba a kan gudun. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017, kuma a hanyar Kaduna zuwa Kano wannan magana ce mai ma'ana. A hanyar da tsayawa ko sassautawa ke iya zama ajali, ba wanda zai saurare ta, jami'in ma ba ya nan balle ya faɗa. Maganin asali tsaro ne da gyaran hanya, kuma wannan ba a hannun direba yake ba. Abin da nake ganin laifinmu a kai, direba da mai mota da shugabannin tasha da mu fasinjoji, shi ne tsarin da muke bi wajen kashe ɗan kuɗin da ke akwai. In kuɗi ya shigo, inji ake fara dubawa, don kada mota ta mutu a daji, kuma wannan tsoro ne mai hujja. Sai fenti da rediyo. Taya da man birki da shokazoba sai sun kashe kansu. Masu tsere, waɗanda ba wanda ya kai su son gudu, daga ƙasa suke farawa: taya tukuna, sai mai da takalmin birki, sai shokazoba da ta dace da sifirin, inji a ƙarshe, domin sun ga cewa ƙarin ƙarfin inji a kan ƙafafun da ba su shirya ba kusanto da haɗari kawai yake yi. Gwangwanin man birki bai kai kuɗin kujera biyu ba. Ƙungiyar direbobin da ke iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin tasha ba, tana iya hana ta saboda tayar da ta shekara goma.

Zuwana Isa na ƙarshe, a Golf na dawo, mu tara. Daga fitowarmu gari har muka ratsa dajin ba wanda ya yi magana, sai wata tsohuwa da ke salati ƙasa-ƙasa. Allurar maleji ba ta aiki, saboda haka ban san gudun da muka yi ba, na dai san sau biyu bayan motar ya yi wutsiya a kan yashi direban ya tare shi da sitiyari. Da muka iso Marnona ya faka, kowa ya sauke ajiyar zuciya, aka shiga yi wa juna barka. Ni kuwa na zagaya na kai bayan hannuna kusa da ƙafar gaba ta dama, na janye da sauri. Wari na tashi kamar an ƙona fata. Na ce, "Malam direba, wannan ƙafar fa?" Ya ce, "Yallaɓai, ai ta saba." Ya karɓi butar wani mai shayi ya kwara wa faifan ruwa, ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi ya rufe mu. Ya miƙa butar, ya ce a shiga, yana so ya sauke mu ya samu lodin komawa kafin la'asar.